Ɗalibai Takwas, Tambaya Ɗaya: Yadda Aikinmu Ke Tafiya a Sakkwato

13 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko na binciken lafiyar al'umma da ɗalibaina za su yi tare. Ɗalibai takwas ne, shida na neman digiri na biyu, biyu na neman na uku, kuma kowa da sashensa: likita mai koyon lafiyar al'umma, ungozoma, mai ƙididdiga, mai taswira, mai nazarin zamantakewa, likitan dabbobi, mai tattalin arziki, sai ɗaliba ɗaya daga sashen Hausa. Hazo ya rufe gari, kowa da rigar sanyi. Na lura da yadda suka zauna: mutanen asibiti gefe guda, masu lissafi gefe guda, ɗalibar Hausa ita kaɗai kusa da ƙofa.

Na fara da labarin Zamfara, don kusa da mu ne kuma dukansu sun taso sun ji shi. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da jijjiga da suma. An yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na sanƙarau, babu sauƙi. Daga baya gwajin jini ya nuna dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, ƙura ta zauna a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma ya zauna kan ƙasar da ta sa shi ciwon, dole sai an kwashe ƙasar saman gidaje an zuba sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aikin ba sai 2013. Na tambaye su: wa ya isa ya warware wannan shi kaɗai? Likita ya ga yaron, mai gwaji ya ga dalmar, masanin ƙasa ya san inda ta kwanta, amma dalilin da ya sa manomi ya ajiye fartanya ya kama haƙar dutse, wannan sai wanda ya san yadda farashin zinariya ya tashi a shekarun nan.

Tsarinmu ke nan: tambaya ɗaya, fita ƙauye tare, kundi takwas. Ba mu muka ƙirƙiro hanyar ba. Shirin CARTA, wanda cibiyar binciken al'umma da lafiya ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu suka kafa a 2008, yana tara masu neman digiri na uku daga fannoni daban-daban a zama ɗaya, kuma jami'o'in Ibadan da Ife suna ciki. Namu ƙarami ne ƙwarai, kuma a nan gida za mu yi shi.

3 ga Fabrairu

Mako uku ana gardama kan tambayar. Likita na son ya auna yawan ƙwayar cutar cizon sauro a jinin yara. Mai taswira na son tsargiya a bakin gulbin Rima, inda yara ke wanka a ruwan da katantanwa ke ɗauke da cutar. Mai tattalin arziki na son sanin abin da jinya ke ci wa magidanci. Duk tambayoyi ne masu kyau, amma kowace ta mutum ɗaya ce, sauran bakwai za su zama 'yan rakiya.

Ungozoma ce ta raba gardamar. Ta ce abin da ya fi ci mata rai a wurin aiki shi ne yaron da ake kawowa a kwana na biyar, jini ya ƙare, tafin hannu fari fat, alhali maganin kwana uku, a sha sau shida, zai warkar da shi da an zo da wuri. "Malam, ni ina son in san inda kwanakin nan huɗu suke tafiya."

A kan wannan muka tsaya: idan yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya kwanta da zazzaɓi da damina, kwana nawa ake yi kafin ya samu gwaji da magani, kuma me ke cinye kwanakin? Kowa ya duba ya ga inda ƙafarsa za ta shiga.

24 ga Fabrairu

Makon mai ƙididdiga. Ya tsaya gaban allo ya tambaye su yara nawa ne a mazaɓar da za mu je. Likita ya kawo adadin da ake aiki da shi wajen rigakafi. Aka bi asalinsa, sai ga shi daga ƙidayar 2006 ya fito, wadda ta ba jihar Sakkwato mutum miliyan 3.7, aka riƙa ƙara kaso iri ɗaya kowace shekara har shekara 19. Ba a sake ƙidaya ba tun lokacin. A tsakanin nan mutane sun yi ƙaura, garuruwa sun cika, wasu ƙauyukan sun watse. Shi ya sa wani lokaci ake ganin rahoton rigakafi ya haura kashi 100: an raba da adadin da ba shi ne a ƙasa ba. Saboda haka mu da kanmu za mu bi gida-gida mu rubuta kowa kafin mu zaɓi waɗanda za mu yi wa tambayoyi.

Ya kuma koya musu abin da ni kaina na daɗe ban kama ba lokacin ina ɗalibi. Yara ashirin na ƙauye ɗaya ba daidai suke da yara ashirin na ƙauyuka ashirin ba, don rijiyarsu ɗaya, mai kemis ɗinsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. Ya ba da misali: in ma'aunin kamannin yaran ƙauye ɗaya ya kai 0.05 kuma aka ɗauki ashirin-ashirin a kowane ƙauye, sai an ninka yawan yaran sau 1.95, kusan biyu ke nan. Mai tattalin arziki ya ɗauki biro nan take ya mayar da wannan kuɗin mai da na abinci. Karon farko da na ga biyu daga cikinsu sun sunkuya kan takarda ɗaya.

17 ga Maris

Azumi goma sha bakwai. Mun mayar da zama bayan asuba zuwa hantsi.

Takardar tambayoyi muke juyawa zuwa Hausa, kuma aikin da na ware wa kwana uku ya shiga mako na uku. Likita ya zo da tasa fassarar, yana ganin an gama. Ɗalibar Hausa ta karanta tambaya ta farko da ƙarfi: "Shin yaronki ya yi zazzaɓi cikin mako biyu da suka wuce?" Irin tambayar da ake yi ce a babban binciken lafiya na ƙasa. Sai ta ce a inda za mu, tsohuwa masassara za ta ce. Wata za ta ce jikinsa ya yi zahi. Wata kuma in ka ce zazzaɓi za ta ce a'a, haƙora ne yake fitarwa, don a wurinta zafin jikin haƙori ba ciwo ba ne da ake kai wa asibiti. In idonsa ya yi ɗorawa, shawara ce, kuma shawara tana da nata masu magani. In ya yi jijjiga, ana iya cewa iska, a nufi malam ko mai saiwa kafin a tuna da asibiti. Yaro ɗaya, ƙwayar cuta ɗaya, amma sunan da uwa ta kira ciwon shi ke nuna ƙofar da za a fara bugawa.

Likita ya yi shiru, can ya ce: "To ashe rabin amsarmu na cikin sunan." Muka rushe tambayar, muka gina ta daga abin da uwa ke gani da idonta: jiki ya yi zafi? ya ƙi nono? ya yi amai? ya sandare? Sannan a tambaye ta me ta kira ciwon, a rubuta kalmarta yadda ta faɗa, ba a gyara mata ba. "Mako biyu" ma mun sauya shi, za a ce tun daga kasuwa biyu da suka wuce, ko Juma'a biyu.

A ganina mako ukun nan sun fi duk laccar da na yi musu. Ɗalibar da ta zauna bakin ƙofa ran farko, yanzu ba a rubuta layi sai ta amince.

14 ga Afrilu

Zafi ya haura 40, kwamfuta na ɗaukar zafi tana mutuwa da rana tsaka. Mun miƙa takardunmu ga kwamitin ɗa'ar bincike.

Na ware yini guda kan neman yarda. Na ba su tarihin Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan cikin binciken da ya haɗa yara 200, da shari'ar da ta biyo baya kan ko iyaye sun san gwaji ake yi, wadda ba a sasanta ba sai 2009. Mutane sun riƙa tuna wannan a 2003 da aka ƙaurace wa ɗigon shan inna. Duk wanda ya shiga ƙauye da takarda da na'ura a Arewa, wannan tarihin ya riga shi isa. Za a karanta wa kowace uwa bayanin da bakinta, a gaban shaidar da ita ta zaɓa, a gaya mata in ta ƙi babu abin da za ta rasa a asibiti.

12 ga Mayu

Izini ya fito. Mazaɓa biyu muka ɗauka cikin 244 na jihar, ɗaya a fadamar Rima, ɗaya a tudu. Ba za mu je gabashin jihar ba, wajen Isa da Sabon Birni, saboda 'yan bindiga. Ba zan kai ɗiyan mutane inda ba zan iya dawo da su ba. Amma na sa kowa ya rubuta wannan a kundinsa ɓaro-ɓaro: wuraren da jinkiri zai fi tsanani su ne ba mu taka ba, kuma duk abin da muka samo ba zai yi magana da bakinsu ba. Abin yana damuna.

Mun gaida uban ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Malam, da yawa sun zaka sun rubuta sun tahi. Ku za ku dawo ku gaya muna abin da kunka gani?" Na ce ranka ya daɗe, za mu dawo. Na sa ranar a jadawali tun kafin mu tashi daga zauren.

23 ga Yuni

Bayan babbar Sallah muka fara rubuta gidaje. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Ɗalibai mata uku ne kawai, gidaje kuwa ba shiga, don haka muka ɗauki mata shida 'yan yankin da suka yi makaranta, muka horar da su kwana biyar kan cika tambayoyi a waya da manhajar KoboToolbox. Da na gan su sun fito da safe za su rarrabu unguwa-unguwa, sai na tuna 'Yan Taru na Nana Asma'u, da jajis ɗinsu, wato malamai matan da ke ɗaukar karatu su kai wa mata har ƙauyukansu. Ƙasar nan ta daɗe da sanin cewa mace ce ke kai saƙo ga mace.

Kwana biyu da farawa mai ƙididdiga ya ga abin da bai yi masa ba: 'yan fari sun yi ƙaranci, kuma kusan babu jaririn da aka ce ya rasu a makon farko. Ya ɗauka masu tambaya ne ke tsallake layi. Mai nazarin zamantakewa ta ce ya bari ta bi su gobe. Ta dawo ta ba mu labarin wata matashiyar uwa da aka tambaya ɗiyanta nawa, ta sunkuyar da kai ta ce biyu, ga na uku, babbansu, tsaye yana riƙe da zanenta. Kunyar ɗan fari ce, ba ta kiran sunansa, ba ta ƙirga shi a gaban surukarta. Da aka tambayi tsohuwar ko an taɓa rasa jariri a gidan, ta ce a'a. Sai da hira ta yi nisa ta ce: "Akwai wanda bai kai suna ba. Baƙo ne, ya zaka ya koma."

Kwana bakwai ɗin da ke kafin suna su ne mafi haɗari a rayuwar yaro, kuma su ne al'ada ta fi rufewa. Ba ƙarya suke yi mana ba, mu ne ba mu iya tambaya ba. Yanzu ana keɓe uwa ita kaɗai, a bi cikin da ta yi ɗaya bayan ɗaya, a tambayi yadda kowanne ya ƙare, sunan ɗan fari kuwa a nema wurin kishiya ko kaka. Mun koma gidajen kwana biyun farko mun sake daga tushe.

Shekarun yara ma babu takardar haihuwa a mafi yawan gidaje. Mun zauna da liman da mai gari mun tsara jerin lokuta: azumin bara, Sallar layya, girbin gero, shekarar da gulbi ya ci gonaki.

21 ga Yuli

Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina sun riga mu shiga ƙauyukan fadama da kwana huɗu. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata: ranar farko ƙwaya iri biyu a gaban mai rabo, sauran kwana biyu uwa ta ba da a gida. Dole ya rage zazzaɓin da za mu tarar. Mun ƙara layin ranar da yaro ya sha, da ko an cika kwana ukun.

18 ga Agusta

Mako mafi nauyi. Ruwa ya yanke hanyar fadama, mun bar mota mun shiga kwalekwale, wayoyi cikin leda. Taswirar da aka zana a Mayu ta ce asibiti na kusa. Mai taswira ya kunna agogo ya bi hanyar da mutane ke bi yanzu, da jiran mai jirgi, da neman mashin a ƙetare, ya dawo ya ce zai zana taswira biyu, ta rani da ta damina, kuma da sa'o'i zai auna, ba da kilomita ba.

A wani gida ungozoma ta tarar da yarinya 'yar wata goma sha huɗu a kan tabarma, numfashi sama-sama. Ta zagaya mata tsirin awo a damtse, ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Ta rufe wayar, ta ce tambaya ta ƙare, a nemo mashin. Da dare mai ƙididdiga ya kawo damuwarsa, kuma da gaskiyarsa: mun sa hannu cikin abin da muke aunawa. Muka yarda a rubuta kwanakin har zuwa ranar da muka iso, a sa alama cewa mu muka kai ta. Babu wanda ya ce da an bar ta. An kwantar da ita, kuma jiya aka aiko mana ta fara karɓar nono.

Uban yarinyar ne ya buɗe mana wata ƙofa. Likitan dabbobi, wanda tun farko yake ganin kamar aikinsa a gefe yake, yana tsaye da shi a bakin turke yana duba awakinsa. Ya tambaye shi me ya hana a tafi tun ran farko. Mutumin ya nuna wata akuya ya ce: "Wagga nika jira in kai kasuwa." Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kuɗin cin rani ya shige taki da iri. Asusun gidan shi ne akuyar, akuya kuwa ba ta zama kuɗi sai ranar kasuwa, sau ɗaya a mako. In zazzaɓi ya zo washegarin kasuwa, kwana shida ke nan. Kuma akuyar ma ta matar ce, sai da yardarta.

A daren suka zauna su uku, likitan dabbobi da mai tattalin arziki da mai taswira, da fitilar waya, suna jera ranakun kasuwannin yankin kusa da ranakun da ciwo ya fara. Zato ne tukuna, gida ɗaya ba hujja ba ne. Amma tambaya ce da babu ɗayanmu da ya zo da ita daga aji. Mun rubuta wa kwamitin ɗa'a muna neman ƙara tambayoyi uku: me aka sayar, na wa ne, wace rana.

29 ga Satumba

An amince da ƙarin, mun yi zagaye na biyu, mun dawo gari. Yanzu tsaftace bayanai ake yi da manhajar R, kuma na hana mai ƙididdiga taɓa madannai, bakinsa kawai zai yi aiki. Kowa sai ya zana jadawalinsa da hannunsa. Shekarun iyaye mata sun taru a 20, 25, 30, kamar yadda aka saba gani inda ba a rubuta haihuwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yaran da aka rubuta shekara biyar cif sun yi yawa. Sananniyar matsala ce: in aka tura yaro ya haura biyar, mai tambaya ya huta da shafi uku. Laifin namu ne, mun ɗora wa matan gidaje da yawa a yini. Za a sake duba waɗannan yaran da jerin lokutan da muka tsara.

27 ga Oktoba

Wahalar da ban hango girmanta ba: kowane sashe na son kundi irin nasa. An ce wa ɗalibar Hausa aikinta ya yi kama da na asibiti, an ce wa likita nasa ya cika hira da tsofaffi. Mai jarrabawa daga waje kuma da ma'aunin fanninsa zai zo. Na bi masu duba aikinsu ofis-ofis, na samu biyar sun yarda mu zauna tare sau ɗaya a wata, kowane ɗalibi ya samu mai dubawa na biyu daga wani sashen. Uku ba su ba da amsa ba tukuna.

Mun kuma rubuta yarjejeniyar sunaye tun kafin a fara rubuta maƙala: wanda ya jagoranci tambaya shi ne na farko, matan nan shida kuma za a ambaci aikinsu in sun yarda.

24 ga Nuwamba

Makon jiya na kai su Asibitin Yara na Noma da ke nan cikin gari, wanda aka buɗe a 1999. Noma a nan sunan ciwo ne da ke farawa daga dasashi ya ci kumatu cikin kwanaki, yana bin yaran da tamowa da ƙyanda suka raunana, kuma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman haka. Ɗalibar Hausa ta fito tana rubuta sunayen da iyaye ke kiransa da su, likitan dabbobi na tambayar ko a gidajen nan ma sai an jira kasuwa. Biyu daga cikin ɗaliban sun ce a nan suke son ci gaba.

Lissafin ranar kasuwa bai kammala ba, saura ƙauyuka huɗu da ba mu tabbatar da ranakunsu ba. Ranar 8 ga Disamba za mu koma zauren uban ƙasa kamar yadda muka yi alkawari. Ungozoma da mai nazarin zamantakewa za su yi wa mata bayani a cikin gida, likita da mai taswira a ƙofar masallaci bayan la'asar. Taswirar damina tana wurin mai buga takarda, na ce a yi ta babba yadda za a shimfiɗa a kan tabarma, a rubuta sunayen ƙauyuka da boko da ajami.